Fuskar da Fadila Ta Goge

"Wa ya ce ki saka shi duniya ta gani, Fadila?"

Ko sallamar kirki Sanda bai yi ba. Yana tsaye a bakin zauren gidan su Fadila a Agiye, ƙafar wandonsa duk taɓo, ya miƙo mata salularsa kamar mai nuna wa likita ƙurji. Tun daga Gidan Rumji ya taso a kan babur, ya ratsa Maradi da Cadawa cikin yayyafi, ko kiranta bai yi ba. Ita kuwa baiwar Allah har da ɗan shafa turare ta fito, a zatonta godiya ya zo yi.

Ta kalli salular. Hoton nan ne da ta kwashe makonni tana zanawa, wani magidanci cikin farar hula, fuska sumul, ido kamar zai yi magana. A ƙasansa da hannunta ta rubuta sunan marigayi Tahiru na Gidan Rumji.

"Bai yi kyau ba?" ta tambaya.

"Ya yi kyau. Sai dai ba babana ba ne."

To, kafin a yanke wa yarinya hukunci, gara a ji yadda aka yi.

Fadila ɗiyar Malam Ilyasu ce, wani Bakatsine mai sayar da atamfa a kasuwar Agiye. Tun tana lakol, wato firamare, ba littafin da ya tsira daga zanenta, har bulala ta sha a kai ba ta daddara ba. Da ta gama lise, wato sakandare, ta samu tabilet da ɗan alƙalaminsa, shi ke nan ƙwarya ta sami gurbinta. Amare da masu jego su aiko mata hoto ta Watsaf, ta zana su da launi, ta ɗora a shafinta na Fesbuk, yabo ya yi ta zuba. Ta nan Sanda ya same ta. Shi iri da taki yake sayarwa a kasuwar Gidan Rumji, ya nemi ta zana masa alamar shago. An gama alamar shago tun bara, amma mutumin kullum sai ya sami abin da za a gyara, har ta gane ba launin buhun taki ke damunsa ba.

Magana ta yi nisa. Manyansa sun sa ranar zuwa Agiye neman aure, Malam Ilyasu har ya sanar da ƴan'uwansa.

Sanda maraya ne, yana rarrafe mahaifinsa Tahiru, Bagobiri, ya rasu. Duk duniya hoton mutumin ɗaya ne, wanda ke jikin tsohon katinsa na ɗan ƙasa, bai wuce faɗin babban yatsa ba, ya sha ninki, ruwa ya taɓa shi. Mahaifiyarsa Inna Yelwa ke ajiye da shi a ƙasan kwallarta. Wata rana Sanda ya ɗauko shi a ɓoye ya nuna wa Fadila, yana cewa ya fi shekara ashirin yana kallon abin nan bai taɓa ganin mutum a ciki ba. Tausayinsa ya kama ta. Kafin ya mayar aljihu ta ɗauki hoton katin da salularta, ba ta gaya masa abin da za ta yi da shi ba.

Ana nan wata ƙungiyar matasan Yamai masu zane da na'ura ta buɗe baje koli a intanet, kowa ya kawo aikinsa ɗaya. Fadila ta ce a ranta tsuntsu biyu za ta jefa da dutse ɗaya, ta faranta wa masoyinta, ta kuma nuna wa ƴan Yamai cewa Agiye ma akwai hannu.

Sabo turken wawa. Duk amaryar da ta aiko hoto maganarta ɗaya ce, ki goge min ƙurajen nan, ki share min wannan tabo, ki ɗan haska ni. Hannun Fadila ya saba, da ya ga layi a kunci sai ya bi ya shafe. Da ta buɗe hoton marigayi ta ga fararen layuka sun ratsa fuskar ko'ina, wasu na ninkin takarda, wasu kuwa sun taso daga gefen baki sun nufi kunne. Ba wai ba ta san tsagar Gobirawa ba, ina ɗan ƙasar Maradi da bai san ta ba? Zuciyarta ma ta ɗan ja ta. Amma Sanda ba shi da tsaga, fuska sumul kuma ta fi jan ƴan kallo, sai ta bi su duka ta share. Garin gyaran gira ta tsone ido.

Hoto ya fita, ya yi farin jini, aka yi ta turawa. Daga nan masu wasan Katsinawa da Gobirawa suka shigo sharhi. Wani ya rubuta cewa Bakatsiniya ta yi wa Bagobiri wanka har zanen ya fita, wasu suka bi da dariya. Da mai rai ake wannan wasa ya rama, kowa ya tashi da nishaɗi. Wanda ke kwance a kabari da wane baki zai rama?

Kafin azahar hoton ya isa majalisar Baba Labo, ƙanen marigayin, wanda shi ne zai jagoranci masu zuwa neman auren. Sanda ya ce tsohon ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya ɗan wane gari ne wannan. Da aka karanta masa sunan da ke ƙasa da abin da mutane ke rubutawa, sai ya tashi ya bar majalisar, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

"Inna fa?" Fadila ta tambaya. Tsoron Inna ta fi ji.

Inna ba ta yi faɗa ba, in ji shi. Ta duba, ta mayar da salular, ta shiga ɗaki ta canza wa katin maɓoya. Da ta fito sai ta aika wa Baba Labo cewa tafiyar Agiye a dakata tukuna.

Fadila ta dafa bangon zaure. Ta fara ba shi haƙuri, kalmomin na tuntuɓe da juna, ta ce don shi ta yi, wallahi don shi ta yi. Ya ɗaga mata hannu a hankali. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Kin san abin da ya fi yi min ciwo? Da na fara ganin hoton nan, bayan shago na zagaya na yi kuka. Na ce yau Allah ya nuna min babana, kuma ta hannun wadda nake so. Har sumbatar salular na yi, Fadi... sai Inna ta ce min ba shi ba ne."

Bai karɓi ruwan da aka kawo masa ba. Ya tada babur ya tafi, ta tsaya tana kallon sawun tayarsa a cikin taɓo.

Ranar ta cire hoton daga baje kolin da shafinta. Shugaban ƙungiyar ya kira daga Yamai yana cewa nata ne ya fi kowanne jan jama'a, me ya faru? Ta ce masa matsalar gida ce. Amma abin da ya shiga salular mutane ya shiga, wa zai bi su ɗaya ɗaya ya goge?

Kwanakin da suka biyo baya Fadila ba ta san inda za ta sa kanta ba. Ta zauna ta tashi, ta shiga ɗaki ta fito tsakar gida, ta ɗora tukunya ta manta gishiri. In rezon salula ya ɗauke ta hau kan turmi tana ɗaga salula sama, in ya dawo ta tarar ba saƙon kowa sai na amare masu son a haska su. Sanda yana amsa gaisuwa, amma a taƙaice, lafiya lau, na gode. Mutumin da a da sai batir ya mutu ake rabuwa da shi. Malam Ilyasu kuma ya fara tambaya ko mutanen Gidan Rumji sun ɓata hanya ne.

Ta gwada gyarawa. Ta tara hotunan Gobirawa, ta kwaikwayi tsagarsu ta ɗora a fuskar. Ta zana ta goge, ta zana ta goge. Kowanne ta kalla sai ta ga kamar rigar aro ta sa wa mutumin. In ta sake aikawa aka ce ba shi ba ne, ta san auren ya tafi ke nan.

Gwaggo Hasiya ce ta gaji da ganinta. Yayar mahaifinta ce, mace mai baki kamar reza, amma ita ta goyi Fadila. Ta titsiye ta a madafa har ta faɗi komai. Gwaggo ta riƙe haɓa, ta ce ita dama ta san wannan allon gilashi sai ya ja musu magana, a ce mutum da asalinsa a fuska ki bi ki share kamar mai wanke ƙwarya? Ta yi faɗan ta more. Da ta ga hawaye ya isa sai ta ce a tashi a nemo mayafi, zuwa da kai ya fi aike.

"Gwaggo, ni in je gidansu? Ba a ko kawo gaisuwa ba? Mi mutane za su ce?"

"Lokacin da kika baje uban mutane a duniya kin tambayi abin da za su ce? Ɗauko allon naki mu tafi."

Da sassafe suka shiga motar Maradi. Gero ya yi kai a gonaki hagu da dama, ko'ina kore shar, amma Fadila ba ta ga komai ba. Ta rungume jakar tabilet a ƙirji, tana ta shirya abin da za ta faɗa tana rushewa. A Cadawa direba ya tsaya lodin buhuna, ta ji kamar ta sauka ta tura motar. Da suka canza mota a Maradi suka wuce Tibiri kuwa, sai ta koma addu'ar taya ta fashe.

Sun tarar da Inna Yelwa a gindin itacen bedi a tsakar gida tana gyaran zogale. Doguwa ce siririya, ita ma da tsagarta a kunci, shekaru sun sa ta kwanta ta yi laushi. Ta shimfiɗa musu tabarma, aka gaisa, aka tambayi damina, aka tambayi mutanen Agiye. Ba ta nuna ta san ko su waye ba, alhali tun daga ƙofa ta sani.

Gwaggo Hasiya ta yi bayani, ta ce ɗiyarsu ta yi ɓarna, sun kawo ta da kansu, a yanka ko a yafe. Fadila ta sauka daga tabarma ta durƙusa a ƙasa. Duk jawabin da ta shirya a mota ya gudu, abin da ya fito kawai shi ne, "Inna, ki gafarce ni."

Tsohuwar ta ci gaba da tsinke ganye. Can ta yi magana, ba tare da ta ɗago ba. Ba ta ambaci sunan mijinta ba, ba ta kuma ambaci na Sanda ba, don ɗan fari ne, kunya ba ta barin ta.

"Ni ba hushi nike da ke ba, ɗiyata. Masu dariya su yi, gobe wani za su yi wa. Abin da ya tsaya mini, yaron wanga bai san ubanai ba. Wagga huska da kika yi ita za ya riƙe. Ita za ya gwada wa ɗiyanai ya ce ga kakanku. In na mutu, Labo ya mutu, shi ke nan mai gidan ga ya ɓace, wani baƙo ya zauna wurinai."

Fadila ta ji maganar har cikin ƙashinta. Ta zaro tabilet ta buɗe hoton, ta ajiye a gaban tsohuwar. Ta ce ita ba ta san shi ba, katin ma bai san shi ba, mutum ɗaya ce ta san shi. In Inna za ta faɗa, ita za ta zama hannu kawai.

Inna Yelwa ta kalli abin a kaikaice kamar mai kallon baƙon kare. Ta goge yatsa a zane, ta kai kan kuncin hoton don ta nuna wuri, sai ga baƙin layi ya bi yatsan. Ta janye da sauri tana salati. Gwaggo Hasiya ta tuntsire da dariya, ita ma tsohuwar sai da gefen bakinta ya motsa. Fadila ta nuna mata yadda ake mayar da layi baya in an yi kuskure. Tsohuwar ta jinjina kai, ta ce da haka duniya take da an huta.

Aka fara, Inna na faɗa. Bakwai a wannan kunci, shida a wancan. Ba nan ba, ƙasa kaɗan. Kada ki miƙe ta sosai, ta uku a hagu karkatacciya ce, uwarsa ta ce yana jariri ya fizge kai a hannun wanzami. Fadila na zanawa, tsohuwar na matsowa, har kafaɗunsu suka haɗu ba wadda ta lura. Daga tsaga aka koma hanci, Inna ta ce an rage masa faɗi. Ta ce idonsa na dama yakan ɗan rufe in zai yi dariya. Ta ce ba baƙi ba ne haka, ba kuma fari ba, kalar gyaɗar da aka soya ba ta ƙone ba. Hular ma ba ya sa ta daidai, kullum sai ta kwanta gefe, ta yi faɗa har ta gaji.

Ganyen zogale ya yi yaushi a faranti, inuwar bedi ta matsa ta bar su a rana, ba wanda ya ce a ja tabarma. Matar da ba ta taɓa zama ta yi hirar mijinta da kowa ba tun rasuwarsa, yau ga ta tana ba da labarin yadda yake tauna goro da yadda yake kiran awaki.

A nan Fadila ta hango ƙafafu a ƙarƙashin labulen buhu da ke ƙofar zaure. Ta san takalman. Wani ya kai wa Sanda labari a kasuwa ya rufe shago ya taho, ya kasa shigowa, ya kasa komawa. Ba ta san tun yaushe yake tsaye yana ji ba. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da aiki.

Ta ɗan rufe idon daman, ta kwantar da hular, ta ɗaga hannu.

Inna Yelwa ta ɗauki tabilet ɗin da hannu biyu ta kai kusa da fuska, ta nisanta shi, ta sake kusantowa. Leɓenta na motsi ba sauti. Sai ta ja gefen mayafinta ta rufe kai sosai, irin yadda mace ke yi in mai gida ya shigo da baƙi, hawaye na bin tsagar kuncinta suna sauka. Gwaggo Hasiya mai bakin reza ta juya tana fyace hanci.

"Kai da ke laɓe," in ji tsohuwar, ba ta ko waiwaya ba. "Shigo ka ga ubanka."

Sanda ya shigo kamar mai tafiya a kan ƙaya. Ya durƙusa ya karɓa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago ya dubi mahaifiyarsa, yana tsoron tambaya. Ta gyaɗa masa kai sau ɗaya. Ya kifa goshinsa a kan gwiwa, kafaɗunsa na girgiza. Fadila ta ji kamar ta miƙa hannu ta dafa shi, amma a gaban manya ina hali, sai ta damƙe bakin mayafinta tana kuka ita ma.

Da aka natsu, Inna ta ce a kai wa Labo ya gani. Ta kuma ce wa Fadila ta mayar da hoton can inda ta ɗora na farko, waɗanda suka ga baƙon su ga mai gida. Maganar tafiya Agiye kuwa ko kusa ba ta taɓo ta ba. Fadila ta kasa kunne, ta jira, ta saci kallon Gwaggo, ba komai. Wataƙila an yafe mata ne kawai, yafiya daban, aure daban.

Tsohuwar ta shiga ɗaki ta fito da ƙwaryar fura da nono, ta dama ta ajiye a gaban baƙi. Gwaggo ta sha ta yi hamdala ta tura wa Fadila. Tun safe ko ruwa yarinyar ba ta sa a baki ba, maƙogwaronta ya bushe. Ta kai hannu ga ludayi.

Inna Yelwa ta janye ƙwaryar.

Fadila ta daskare, hannu a miƙe. Sanda ya ɗago da sauri.

"Gwaggonki baƙuwa ce, ta sha nan," in ji tsohuwar, tana miƙa mata ƙwaryar a hannu. "Ke tashi ki shiga ɗaki ki sha taki. Gidan ga suruka ba ta ci gaban uwar miji."

Gwaggo Hasiya ta rangaɗa guɗa har awaki suka watse. Fadila ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tashi da ƙwaryar tana tangaɗi, fura na zuba a yatsunta, ta shige ɗakin Inna.